Ƙarfe a Cinyar Ɗan Tauri

Baraka ta gaji. Ba irin gajiyar da ake kwana a tashi garau ba, irin wadda take zama a ƙugu da tafin ƙafa, mutum ya tashi da ita, ya yi salla da ita. Tun ranar da aka kwaso mijinta Halliru daga bakin hanyar Roni, inda babur ɗin da ya ɗauko shi ya yi karo da amalanken shanu, ba ta sake sanin daɗin ɗakinta ba. Wurin mai ɗori aka fara kai shi. Aka ja ƙafar, aka jera karare aka ɗaure, aka yi tofi. Da aka kwance, ƙashin cinya yana nan yadda yake, gida biyu. Aka sake ɗaurewa, aka sake jira. Sai da ƙafar ta fara shanyewa tana gajarcewa sannan aka kawo shi asibiti a Kazaure, ita kuma ta samu wuri a gindin darbejiya cikin sauran matan jinya, da butarta da kwanonta da 'yar tabarma.

Ɗansu Salisu yana kudu wurin neman abinci, sai dai waya. 'Yarsu Zubaida tana jego. Ruwan shuka ya sauka, mutanen Roni sun fita da sungumi, gonarsu kuwa tana kwance ciyawa tana cin karenta babu babbaka.

Shi Halliru ba ƙaramin mutum ba ne a ƙasar nan. Ɗan tauri ne, kuma ba na jiya ba. Duk kasuwar da aka buga gangi, daga Roni zuwa Gwiwa har Yankwashi, in ya tuɓe riga ya shiga fili, sai ka ga masu awo sun bar mudu sun taho kallo. Ya goga wuƙa a ciki, ya goga a wuya, ya ɗaga ta sama mutane su ga ta lanƙwashe. Gagara-Wuƙa ake kiransa, har wasu ba su san sunansa na yanka ba. Bai tara dukiya ba, bai yi karatu ba, gonarsa ma 'yar ƙarama ce. Sunan nan shi ne abin da ya mallaka.

Likitan ƙashi ba mazaunin garin ba ne. Dakta Nuruddin daga Kano yake zuwa lokaci-lokaci, da kayan aikinsa cikin akwatunan ƙarfe a bayan mota, ya yi 'yan kwanaki ya ɗaure waɗanda za su ɗauru, ya wuce wani garin. Mutum ne siriri mai jajayen idanu, kamar wanda bai taɓa ƙoshi da barci ba. Ya tsaya a bakin gadon Halliru, ya ɗaga hoton ƙashin wajen taga ya daɗe yana kallo.

"Baba, wannan ba zai haɗu da kansa ba," in ji shi. "Za mu buɗe cinyar, mu daidaita ƙashin, mu ɗora masa ƙarfe dogo, mu huda da inji mu ɗaure da noti. Ranar Alhamis. Ina so ka gane, daga wannan zuwan zan daɗe ban dawo ba, kuma ƙafar nan ba za ta jira ni ba. In ta ƙara lalacewa, ba maganar ɗaurewa za a yi ba, maganar cirewa ce."

Baraka tana tsaye da kwanon koko a hannu, ta dubi ƙafar.

Halliru ya gyara kwanciya. "Likita, da me za ka buɗe cinyar?"

"Da wuƙa, Baba."

Wani daga can ƙarshen ɗakin ya yi dariya, don akwai waɗanda suka san ko wane ne a kwance. Halliru bai yi ba. Ya ce, "Injin nan na huda ƙashi, kana da wani bayan shi?"

"Shi kaɗai ne."

"To ka ji. Ni ba don kaina nake magana ba, ni na riga na tsufa. Amma ƙarfe ba ya shiga jikina. In injinka ya taɓa ni ya karye, waɗannan bayin Allah da suke jiran sa fa, ina za su sa kansu?"

A gado na kusa akwai Malam Ashiru, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya faɗo daga kan tsani ya karya ƙwauri. Mutum ne mai karatu, jiya ma yana cewa tauri duk tatsuniya ce. Yanzu da maganar ta zo kan ƙwaurinsa, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, ba wai na yarda ba ne, amma dai a fara da mu."

Dakta Nuruddin ya murza idanunsa da yatsu biyu. "Baba, na yi wa 'yan tauri aiki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban taɓa canza inji ba."

"Waɗancan 'yan wasa ne, likita."

"To me kake so a yi? Ba zan kai ka tiyata ba sai da yardarka."

"A kwance shi," in ji Halliru. "Wanda ya ɗaura shi ne yake kwancewa. Baba Maikasuwa, a Gwiwa. In an kawo makarin na sha, ka yanka duk inda kake so."

Likita ya kalli Baraka, kallon mai neman agaji, ya wuce gado na gaba.

Da rana ta yi, Sista Lubna, wadda take kula da kayan tiyata, ta kira ta ta bayan ginin. Ta tsayar da ita a bakin ƙofar ɗakin da ake wanke kayan a dafa su a wata babbar tukunya mai huci, ta ce kada ta shigo, ta dai leƙa. An baje su a kan koren ƙyalle suna sheƙi. Baraka ta ɗauka za ta ga abubuwan ban mamaki, sai ta ga guduma, ta ga ɗan zarto, ta ga awartaki mai haƙora irin na maƙera, da filaya, da notuna jere a ɗan akwati, kowane da raminsa. Ga dogon ƙarfen nan mai huji-huji da za a kwantar a kan ƙashin. Injin kuwa bai fi na kafintan da ya yi musu ƙofa girma ba.

"Mama, ki yi masa magana," in ji Lubna. "Wannan ƙarfen ba irin na kasuwa ba ne. Babu jikin ɗan Adam da zai karya shi."

"Na sani, 'yar nan," in ji Baraka.

Ta sani kuwa, kuma ta fi Lubna sani. Tun tana amarya, duk ranar da Halliru ya dawo daga wasa, ita take dafa ruwa ta kai masa ɗaki. Ita take ganin 'yan tsage-tsagen nan sirara a ƙasan haƙarƙari da gefen wuya, wani lokaci har da ɗan jini ya bushe. Ya ce ƙaya ce ta hanya. Ita kuma ta ce ƙayoyin hanyar nan ba su da kirki, ta buɗe gwangwanin man kaɗanya ta shafa masa. Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari, bai taɓa faɗa ba, ba ta taɓa tambaya ba. Ko yanzu gwangwanin yana cikin ƙunshin kayanta, don hannunta ya saba ɗaukarsa.

Ta koma ta zauna a bakin gadonsa, ta rage murya. "Baban Salisu, ni da kai ne fa. Ka bar likitan nan ya yi aikinsa."

Ya kafa wa silin ido. "Gwiwa za ki je."

"Ƙafafuna sun kumbura."

"Ki tambayi gidan Baba Maikasuwa, kowa ya sani."

Ta kalle shi, tsoho mai taurin kai, ƙafa ɗaya ta koma kamar sanda, amma gemu a sama. Ta ji haushi, ta ji tausayi, ta rasa wanda ya fi yawa. Ta roƙi matar Malam Ashiru ta riƙa miƙa masa abinci da buta, ta ɗaura ɗamara da mayafi ta nufi tasha.

Motar Gwiwa ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika sai an ɗora mutum a kan mutum. Aka matse ta tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji. Daga inda mota ta ajiye su ta hau acaɓa, yaron yana faɗawa kowane rami kamar an aike shi. Hagu da dama mutane sun duƙufa, miji yana sara da sungumi, mata tana binsa tana jefa iri tana rufewa da diddige. Baraka ta kawar da kai, don kada ta tuna gonarta.

Ranar kasuwa ce a Gwiwa. Ta tambayi wani dattijo mai sayar da igiya gidan Baba Maikasuwa. Ya ɗago ya dube ta da kyau.

"Baiwar Allah, daga nesa kike. Ai Baba Maikasuwa ya riga mu gidan gaskiya, an yi damina biyu. Gidan ma ya rushe, awaki ne a ciki."

Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta nemi gindin bango ta zauna ba tare da ta yi niyya ba. Dattijon ya sa aka kawo mata ruwa. Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, ya girgiza kai ya ce duk tarkacen tsohon 'yarsa Ma'u ce ta kwashe, tana aure a Babura. Ko ya bar mata wani abu, Allah ne masani.

Babura. Wato ta koma Kazaure, ta sake ɗaukar wata hanyar gabas har kusa da iyaka. Ta zauna tana lissafi da ƙafafunta. Ta san in ta koma hannu rabbana ta ce tsohon ya mutu, Halliru zai ce shi ke nan, ba mai kwancewa, kuma ba zai shiga tiyata ba ko za a yanke ƙafar a gabansa. Ta san shi. Ta miƙe.

Da motar ta shigo Kazaure ta wuce ta kusa da kwanar asibitin, Baraka ta ja mayafi ta rufe fuska kamar mai laifi. A gidan wata 'yar ƙanwar mahaifiyarta ta kwana, gari na wayewa ta kama hanya. Kafin su kai Babura motar ta mutu sau biyu, fasinjoji suna turawa. A tashar garin silifas ɗinta ya tsinke, ta samu 'yar waya a ƙasa ta soke shi, ta ci gaba tana jan ƙafa, wayar tana cizon ta tsakanin yatsu.

Ma'u ba ta yi wuyar samu ba, don duk unguwar ƙamshin ƙuli-ƙulinta ake ji, har mutanen Nijar suna zuwa sari. Mace ce kakkaura mai yawan dariya, sa'ar Baraka ko ta ɗan girme ta. Ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta dama mata fura, ba ta bar ta ta yi magana ba sai da ta sha. Sannan Baraka ta kwashe labarin duka ta faɗa, da ƙafar da injin da Alhamis.

Ma'u ta saki ludayi. Ta fara dariya a hankali, ta yi ta yi har ta share hawaye da bakin zane.

"Ki yafe ni, 'yar'uwa, ba ke nake wa ba. Makarin tauri? Baba bai bar wa kowa ba, don babu abin da zai bari. Shi kansa an yi masa aikin ƙaba a Kano, ni na yi jinyarsa. Wuƙar likita ta shige shi sumul. Muka dawo muka ce wa mutane ziyara ya je. Har ya koma ga Allah ba ya tuɓe riga a gaban yaransa."

Baraka ba ta yi dariya ba. Ashe ba ita kaɗai ce mai gwangwani ba.

"Wane ne ma mijin naki?" in ji Ma'u.

"Halliru, na Roni."

"Gagara-Wuƙa? Allah sarki. Ai shi ba zan manta da shi ba. Ranar da Baba ya rasu shi ya fara isowa, shi ya kama makara ta gaba, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Yana kuka kamar ƙaramin yaro."

Baraka ta ajiye ƙwaryar furar a hankali. Ta tuna wata rana, damina biyu baya, da ya fita da sassafe ya ce zai je Gwiwa duba wani ɗan bijimi, ya dawo da jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa, ya ƙi cin tuwo. Ashe ya sani. Yana kwance yana kallon silin, ya san tsohon yana cikin ƙasa, ya tashe ta da kumburarrun ƙafafu ya ce ta tambayi gidan, kowa ya sani.

"Ya san ya mutu," ta ce. "Ya san ya mutu ya turo ni."

Ma'u ta daina dariya. Ta ce, "To ai ba wurin Baba ya turo ki ba. So yake a ga kin fita, a ga kin dawo da abu a hannu. In an yanka shi ba a kwance ba, me mutanen Roni za su ce game da shekarun da ya yi yana tuɓe riga?"

"Ba shi da baki ne? Ba zai iya faɗa mini ba?"

"Su? Nawa uban har ya mutu bai faɗa mini ba, alhali ni nake wanke masa ɗinkin."

Ta tashi ta shiga ɗaki, aka ji tana ture-turen kaya, ta fito da wani ɗan gora baƙi ƙirin don tsufa, an naɗe wuyansa da jar fata, da kuɗin wuri guda uku a jiki. Ta busa ƙurar ta miƙa mata.

"Duk wanda ya taɓa shan magani a hannun Baba ya san goran nan. Babu komai a ciki sai gizo-gizo. Ki zuba abin da kika ga dama."

A bakin tasha akwai mai sayar da sassaƙe-sassaƙe. Baraka ta tsaya a gabansa ta ce ya ba ta abin da ya fi komai ɗaci a shimfiɗarsa. Ya ba ta maɗaci. Ta ce ya ƙara. Ta kakkarya ta cusa a goran, ta cika da ruwan famfo, ta toshe. Duk tsawon hanyar Kazaure tana rungume da shi a cinya, mota tana girgiza shi, ita kuma tana shirya maganganun da za ta faɗa. Za ta tsaya a tsakiyar ɗakin ne, gaban Malam Ashiru da kowa, ta ce ga goran mataccen da ka aike ni wurinsa. Ta ce a ɗaga rigarsa a duba ƙasan haƙarƙari. Ta shirya su tsaf, har da inda za ta ɗaga murya.

Bayan la'asar ta shiga ɗakin, ranar Laraba, tana jan silifas. Masu jinya suka biyo ta, waɗanda suke iya zama suka tashi zaune. Halliru ya ga goran. Ta ga lokacin da ya gane shi. Bai yi tsammanin wannan ba. Ya ɗago ya dube ta, kuma a karo na farko tun da aka kwantar da shi, ta ga tsoro a idonsa. Ba tsoron wuƙa ba ne, tsoronta ne.

"Kin same shi?" ya ce.

Maganganun suna nan a bakinta, a jere. Ta dubi ƙafar da ta shanye a ƙarƙashin zane. Ta dubi hannunsa da yake riƙe da ƙarfen gado.

"Ga goransa," ta ce. "Sharaɗin shi ne a shanye duka, a tashi ɗaya, kada a rage ko ɗigo. Kuma ba a bin sa da ruwa."

Malam Ashiru ya ce, "Ikon Allah." Halliru ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla ya kafa kai. Kurɓar farko fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ya tsaya ya dube ta ta saman goran. Ta tsaya ƙyam tana kallonsa, ba ta ko ƙifta ba. Ya mayar ya ci gaba, hawaye suna zuba, jijiyoyin wuya sun tashi, har ya kai ƙarshe ya kifa goran. Ɗakin ya ɗauki salati. Wani ya ce dubi yadda yake fita daga jikinsa, har gumi yake.

Sista Lubna ta ja ta gefe a baranda, fuska a ɗaure. "Mama, me kika ba shi? Gobe za a shiga da shi, dole likita ya sani."

"Maɗaci ne da ruwan famfo."

Lubna ta buɗe baki, ta rufe, ta juya ta fuskanci bango kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo ta ce za ta faɗa wa likita shi kaɗai, kuma daga yanzu kada a ƙara ba shi komai sai abin da suka ce.

Da safe aka tura shi a gadon taya. Malam Ashiru da kansa ya ce a fara da Gagara-Wuƙa, ai an kwance. Baraka ta zauna a benci a bakin ƙofar tiyata. An gaya mata allura za a yi masa a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonsa biyu. Ta daɗe ba ta ji komai ba sai ƙarar janareta. Can sai ta ji shi, wani siririn kuka kamar na injin kafinta, ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Abin haushi, ita da ta fi kowa sanin gaskiya, sai ta sami kanta tana addu'ar kada ya karye. Ta ji bugun guduma, ƙwas, ƙwas, a jikin mutumin da ta aura tana yarinya. Ta toshe kunnuwa da mayafi, ta kuma buɗe, don rashin jin ya fi jin ciwo.

Rana ta take tsaka kafin Dakta Nuruddin ya fito, hula a kai, rigar ta jiƙe da gumi. Ya ce, "Mama, an ɗaure. Ƙashin ya zauna daidai. In ya bi abin da aka ce, zai taka." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya yi guntun murmushi ya koma ciki, don akwai na gaba.

Sai wajen la'asar ta samu zama kusa da shi. An kai Malam Ashiru nasa aikin, gadon kusa babu kowa. Halliru yana kwance fari fat, ruwa yana ɗiga a hannunsa, cinyar an naɗe ta da farin bandeji. Ta zauna a ƙasa, ta cire silifas ɗin. Wayar ta yanka ta tsakanin yatsu, wurin ya kumbura ya yi ja. Ta kwance ƙunshinta ta ɗauko gwangwanin man kaɗanya, ta buɗe, ta fara shafa wa ƙafarta. Yana kallo.

"Har Babura kika je," ya ce.

"Har Babura."

"Na ɗauka daga Gwiwa za ki juyo."

"In juyo da me? Da igiya?" Ba ta ɗago ba. "Ma'u tana gaishe ka. Ta ce ba ta manta wanda ya shiga kabari ba."

Ta ci gaba da shafawa, tana danna yatsa a inda ya fi zafi.

"Tun ina amarya nake shafa maka man nan, Baban Salisu. Ban taɓa ce maka komai ba. Da ka buɗe baki ka ce, Baraka, ga abin da nake so, da a gindin darbejiyar can zan haɗa maka, in zaga bayan asibiti in dawo. Amma ka gwammace ƙafafuna su fashe da ka faɗi kalma ɗaya. Na gaji. Wallahi na gaji."

Bai kare kansa ba. Yana kallon silin ya ce, a hankali, "Na ji shi, Baraka. Injin. Ba zafi, amma ina jin sa yana shiga. Ko tsayawa bai yi ba."

Ta ɗago ta ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. Wannan ba na maɗaci ba ne. Ta so ta ci gaba da fushi, fushin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Daga waje aka fara jin hayaniya, muryoyin maza da yawa, da wani yana gardama da mai gadi a kan lokacin ziyara. Ta gane su. Abokan wasansa ne daga Roni, da makaɗinsa, sun ji labari sun cika mota. Za su shigo su tambayi yadda aka yi ƙarfe ya shiga jikin Gagara-Wuƙa, kuma duk abin da aka faɗa musu yau shi za a faɗa a kowace kasuwa.

Halliru ma ya ji su. Ya juyo da kai da ƙyar, ya miƙo hannun da ba ruwa a jiki, bai kai gare ta ba, ya tsaya a bakin katifa.

"Baraka," ya ce. "Ki rufa mini asiri."

Ta zauna tana kallon hannun. Shekara da shekaru tana yi, yau ne aka fara roƙonta.

Ta rufe gwangwanin ta mayar cikin ƙunshi. Ta dafa ƙarfen gadon ta miƙe, ƙugunta ya yi ƙara. Ta zura ƙafa a tsinkakken silifas ɗin, ta gyara mayafi, ta ɗauki goran Baba Maikasuwa ta riƙe shi a gaba inda kowa zai gani, ta fita ta tarye su tana ɗingishi.